Amsar maganar kurman nan ɗan wasan besbol

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Yaya, na ga tambayarka tun da safe, ka ce wai da gaske ne wani kurma ne ya ƙirƙiro alamun hannu da alƙalan wasan besbol ke yi a Amurka? Rubutun zai yi tsayi shi ya sa na ce bari kawai in yi murya.

To mutumin da ake nufi sunansa William Hoy, an haife shi 1862 a wani ɗan ƙauye a jihar Ohio. Yana ɗan shekara uku sanƙarau ya kama shi, ya tashi amma kunne ya tafi, kun dai san yadda ciwon nan ke yi wa yara ko a nan wajenmu. Aka sa shi makarantar kurame a Columbus, shi ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, ya koma gida ya buɗe shagon gyaran takalma. Shumeka ne fa, ƙarshen mako ne kawai yake zuwa ya buga wasa da samarin gari. A haka har wata ƙungiya a Oshkosh ta ɗauke shi 1886, zuwa 1888 ya shiga babban lig da ƙungiyar Washington.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba. Wani zai jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda ya ruga, akwai tasha uku da zai bi kafin ya dawo gida, in ya dawo an ci ɗaya kenan. Su kuma masu tsaro akwai mutum uku da ke tsayawa can ƙarshen fili, aikinsu su cafke ƙwallon da aka ɗaga sama ko su tsinto ta su wurgo da sauri. Hoy shi ne na tsakiyar ukun nan, kuma na tsakiya shi ke da fili mafi faɗi, shi ne ma yake ihu ya ce ku bar min ko kai ɗauka. To ka ga mutumin da ba ya ji aka ba wannan waje. Abokan wasansa suka ce in zai kama ƙwallo wani ɗan sauti yake yi a maƙogwaro, da sun ji sai kowa ya kauce, don in ba ka kauce ba karo za ku yi, shi ba zai ji naka ihun ba.

Gajere ne sosai, amma gudu kamar me. Shekararsa ta farko ya saci tasha, wato ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da ya jira an buga ƙwallo ba, sau 82, ya fi kowa a lig ɗin, ko da yake a lokacin lissafin satar tasha ya fi na yanzu sauƙi, gaskiya ɗaya ce. Wanda ni ya fi burge ni shi ne na ranar 19 ga Yuni 1889, a wasa ɗaya mutum uku suka taso a guje za su shiga gida, shi kuma daga can nesa, nisan ya kusa daga wannan raga zuwa waccan a filin ƙwallo, ya wurgo ta ta riga su isa, duka ukun aka fitar da su. Wanda yake cafkewa a gidan ranar shi ne Connie Mack, wanda daga baya ya yi shekara 50 yana koci a Philadelphia.

Yanzu maganar alamun hannu. Labarin da ake bayarwa shi ne in ya zo bugu ba ya jin abin da alƙali ya ce, sai ɗan ƙungiyarsu da ke tsaye kusa da tasha ta uku ya riƙa ɗaga masa hannu yana nuna masa. Amma a ce daga nan alƙalai suka ɗauka, masana tarihin wasan sun yi ta ja a kai, don sai bayan ya bar babban lig a 1902 abin ya zama al'ada wajen alƙalai, kuma a allon karramawar wani alƙali Bill Klem an rubuta cewa shi ne ya kawo alamun. Ni abin da ke ba ni haushi Yaya, duk an taru an maƙale a kan hannu, an manta mutumin nan ya yi bugu mai kyau, wato wanda ya kai shi tasha ba a fitar da shi ba, sama da 2,000 a kaka 14, ya buga wa Cincinnati, St. Louis, Louisville, da Chicago White Sox da suka ɗauki kofin lig a 1901.

Af, na manta sunan da ake kiransa, Dummy, kamar ka ce bebe. Haka ake kiran kurame a lokacin, kuma shi da kansa in ka ce masa William sai ya gyara maka. A 1902 ma ya haɗu da wani kurman mai jifa, Luther Taylor na New York Giants, shi ma Dummy ake ce masa, kurma na jifa kurma na bugu, Hoy ya yi bugu mai kyau sau biyu a kan jifansa.

Bayan ya aje wasa gonar shanu ya kama kusa da Cincinnati, matarsa ita ma kurma ce malamar makaranta. A 1961 yana da shekara 99 aka kawo shi ya yi jifan buɗe wasa na uku na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na fitar da zakara, a Disambar shekarar ya rasu, saura wata biyar ya cika 100. Cincinnati sun sa shi cikin gwarazansu a 2003, amma babban zauren karrama gwarazan besbol na Amurka da ke garin Cooperstown har yau ba a sa shi ba, kurame a can suna ta neman a sa shi. Ina da hotonsa a waya, bari in nemo in turo nan gurup.