Ku Tambayi Anti: "Wata shida kawai, sai in zama nas?"

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yarki ce daga Ɗorayi, shekaruna 19, bara na gama sakandare. Wani mai asibitin kuɗi a unguwarmu ya ce in na biya, zai koya mini aikin nas a wata shida: allura, ƙarin ruwa da ɗibar jini, sannan ya ba ni takarda da farin kaya. Ƙawata kuma ta turo mini talla a WhatsApp, wai kwas ɗin filebotomi na wata uku, da shi ake samun aiki a ƙasar waje. Ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji da Kemistiri, Fiziks ce ta kayar da ni. Baba ya ce zai nemo kuɗin ko da rance ne. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ɗauki ko ɗaya. Ki ce wa Baba ya dakata da maganar rancen nan tukuna, in da hali ma ki karanta masa amsar nan bayan sallar isha'i.

Abin da mai asibitin nan yake so ya mayar da ke shi ne wadda muke kira ogzilari, wato mai taimaka wa nas da ba ta yi makarantar aikin nas ba. Hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista a Najeriya, wato NMCN, ba ta san wannan matsayi ba. Takardar da zai ba ki iyakarta ƙofar asibitinsa. Ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya, lambar rajista da lasisi za a tambaye ki, babu mai tambayar allura nawa kika taɓa yi. Na san mata da suka shekara goma suna wannan aiki, hannunsu ya faɗa, wasu ma sun fi sababbin nas iya kama jijiya, amma albashinsu sai abin da mai wuri ya ga dama, kuma ran da aka samu matsala su ake fara tura wa laifi. Ban raina su ba, yawancinsu rashin mai ba su shawara ne ya kai su. Ke kuwa kin tambaya tun kuɗin bai bar hannu ba.

Filebotomi kuwa sunan ɗibar jini ne da Turancin asibiti. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta a 'yan watanni, kamar yadda mataimakin nas a can dokar tarayya ta ce ya samu horon da bai gaza awa 75 ba kafin ya yi jarrabawa. Tallan da ake turo muku daga wancan tsarin aka kwafo shi. Mu a nan, wanda ke ɗibar jini ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ko nas, ko likita, mutumin da ya riga ya yi karatunsa ya samu rajista. Gajeren kwas yana ƙara wa irin wannan ƙwarewa, amma ba ya mayar da 'yar sakandare ma'aikaciyar lafiya. Maganar aiki a waje kuwa, takardar wata uku ba ta sayen biza.

Bari in nuna miki abin da wata ukun ba zai ba ki ba, don na ga mutane suna ɗauka ɗibar jini soka allura ne kawai. Sokawar ita ce mai sauƙi. Ki ɗaure dantse, ki taɓa da yatsa ki ji jijiya tana tasowa kamar roba, ki goge wurin ki bar shi ya bushe, ki shigar da allura a kwance kaɗan bakinta na kallon sama. Wannan kam, duk yarinya mai nutsuwa za ta iya shi a sati biyu. Amma me ya sa ba a barin ɗaurin ya wuce minti ɗaya? Saboda in ya daɗe jinin yana kauri a wurin, sakamako ya fito ba daidai ba. Me ya sa ba a tura jini da ƙarfi ta cikin allura zuwa kwalba, ba a kuma jijjiga kwalbar kamar ana kaɗa fura? Saboda jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, sinadarin fotashiyam ya fito ya cika ruwan jinin, likita ya ga adadi ya yi sama ya ɗauka ƙodar mutum ce ta taɓu. Hannun da aka sa wa ƙarin ruwa ba a ɗibar jini a samansa. Kwalbar ƙirgen ƙwayoyin jini da gwajin sikila daban, mai sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, ta gwajin suga daban, ta gwajin daskarewar jini daban, ita kam sai an cika ta daidai layin da aka zana. Ɗalibaina na hana su haddace launin murfi kaɗai, don kamfanoni ba su daidaita a kai ba, wani murfin EDTA ɗin shunayya ne wani kore. Rubutun jikin kwalba ake karantawa.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na gane nauyin abin. Ina shekarar farko ta koyon aiki a wani asibiti a cikin gari, aka tura ni ɗakin mata da safe in ɗebo jinin mutum takwas. Biyu daga cikinsu sunansu ɗaya, gadonsu yana kusa da juna. Na ɗeba, na jera kwalabe a tire, na ce in na koma teburi sai in rubuta sunaye a tsanake, ai na riƙe jerin a kaina. Da rana shugabar ɗakin gwajinmu ta kira ni, takarda biyu a gabanta. Matar da ke zaune tana cin tuwo da kanta, sakamakonta ya nuna jininta ya yi ƙasa har sai an yi mata ƙari. Wadda tafin hannunta ya yi fari fat, ko tashi ba ta iya yi, nata ya fito lafiya lau. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini sabbin kwalabe biyu da biro ta ce, "Koma ki ba su haƙuri, ki sake soka su, ki rubuta suna kina tsaye a bakin gado." Ƙafata tana rawa na tafi. Tsohuwar da ke jinyar ɗaya daga cikinsu ta dube ni ta ce, "Yarinya, jinin nan da ƙyar muke tara shi." Har yau in na ga ɗalibi ya juya wa gado baya da kwalba babu suna, sai na ji muryarta.

Ki lura, abin da ya ceci matar nan shi ne akwai wata sama da ni da ta san yadda ake auna sakamako da halin mara lafiya. A wurin da ake so ki biya kuɗi ki koya, wa zai kama kuskurenki?

Yanzu ga hanyoyin da suke da ƙofa da makulli. In ɗakin gwaji ne ya kwanta miki, akwai karatun MLT, wato na ma'aikacin ɗakin gwaji, na shekara uku a makarantun fasahar kiwon lafiya, hukumar kula da aikin ɗakin gwaji, wato MLSCN, ce ke yi musu jarrabawa da rajista. Digirinsa kuma shekara biyar ne, ana yin sa a Jami'ar Bayero. In aikin asibitin sha-ka-tafi da shiga unguwanni kike so, rigakafi da awon ciki da auna yara, akwai karatun ma'aikatan lafiyar al'umma, ƙaramin mataki JCHEW na shekara biyu da babban CHEW na shekara uku, kuma wadda ta fara da na farkon tana iya komawa ta ɗora. Gwamnatin jiha tana da makarantar fasahar kiwon lafiya a nan Kano da kuma Bebeji. Aikin nas da ungozoma akwai makarantunsu a cikin gari da Madobi da Ɗambatta. Masu zaman kansu ma sun yi yawa yanzu, wasu nagari, wasu kuwa allon suna ne da fenti. Kafin ki sayi fom, ki tambaya ko hukumar da ke kula da wannan kwas ɗin ta amince musu, kwas ɗin da kike so takamaimai, don makaranta tana iya samun izinin wani ta rasa na wani. Ki kuma tambayi waɗanda suka gama a can ko sun zauna jarrabawar hukuma sun karɓi lasisi, da asibitin da ake kai su koyon aiki.

Fiziks ɗin nan ita ce ƙayar da za ki fara cirewa. Aikin nas yana neman kiredit biyar, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kuɗin da Baba zai ranto, kaɗan daga cikinsa ya isa ki sake zama WAEC ko NECO ta 'yan waje, ki samu malami ya zauna da ke wata uku a kan darasi ɗaya tak. Aikin kuma yana nan yana jira. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, duk ɗaurin auren da za a yi bisa doka sai an ɗebi jinin mutum biyu. Ki ƙirga ɗaurin auren da ake yi a masallacin unguwarku kaɗai bayan ƙaramar sallah.

*

Anti, ni ɗalibi ne ina koyon aiki a asibiti. Allurar da na yi wa mara lafiya ta soke ni a yatsa ina ƙoƙarin mayar mata da murfi. Na matse jinin na yi shiru don kada a ce ban iya ba. Na yi daidai? Ɗanki daga Kurna.

Ɗana, ba ka yi daidai ba, kuma in abin bai kai kwana uku ba ka ajiye mujallar nan ka tafi yanzu. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa, ana kuma shan sa kwana 28. Ka gaya wa wanda ke kula da ku, a gwada ka, a nemi izinin mara lafiyar shi ma a gwada shi. Ko kwana ukun sun wuce ka je, akwai gwaje-gwajen da za a bi ka da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ciwon hanta ne nau'in B, don ta hanyar allura ya fi ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba, ga shi yana da rigakafi: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In ba ka yi ba ka faɗa musu a wurin.

Nan gaba in ta faru, ruwa da sabulu za ka sa ka wanke, ba a matsewa, ba a tsotsewa. Allurar da ta shiga jikin mutum kuma ba a mayar mata da murfi, daga hannunka sai akwatin zubar da allura, shi ya sa ake jawo akwatin kusa tun kafin a ɗaure dantse. Ka rubuto mini bayan an yi gwajin.