Amsa ga mai tambaya kan bashin karatu na NELFUND

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce yaronka ya samu gurbi a jami'ar tarayya, kuɗin rajista ya fi ƙarfin albashinka tun da aka cire tallafin mai a 2023, kana so ka san ko ya ci bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai rancen karatu, kuma ko akwai kuɗin ruwa a ciki.

Ya nema. Babu kuɗin ruwa, abin da ya karɓa shi zai mayar. Dokar farko ta watan Yunin 2023 ce ta tsorata mutane, don ta ce sai an kawo masu tsayawa, kuma sai iyalin da samunsu bai kai naira 500,000 ba a shekara. Da aka sake dokar a Afrilun 2024 an cire waɗannan sharuɗɗan. Biya kuma ba ya farawa sai shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Idan lokacin ya yi bai samu aiki ba, yana iya yin takardar rantsuwa ya nemi a ɗaga masa ƙafa.

Inda aikin yake shi ne takardu, kuma nan yawancin yara ke maƙalewa. Ana bukatar lambar JAMB, NIN, BVN, takardar shaidar samun gurbi da lambar ɗalibi. Yau ɗin nan ka sa shi ya jera takardar NIN da ta JAMB da bayanan bankinsa a kan tabarma, ku duba harafi bayan harafi. Matsalarmu a nan sananniya ce: NIN ta ce Muhammad, banki ya rubuta Mohammed, JAMB kuma ta sa sunan kaka a gaba. Ko ranar haihuwa ta zama 1 ga Janairu a wuri ɗaya, wata rana daban a wani. Na'ura ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta tsayar da neman. Gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, yana cin kuɗi da makonni, don haka shi za a fara yi. Ya kuma tabbatar ya karɓi gurbin a CAPS, shafin JAMB da ake karɓar gurbi a kai, ba a allon makaranta kawai sunansa ya fito ba.

Kada ya bar mai shagon intanet ya sa masa imel ko lambar wayar shago. Duk saƙon da za a turo can zai tafi, ranar da ya manta kalmar sirri kuma shi ke nan. Asusun banki ma ya zama nasa, da sunansa, ba naka ko na mahaifiyarsa ba.

Idan shafin NELFUND ya ce bai ga bayanansa ba, galibi makaranta ce ba ta ɗora sunansa ba tukuna. Ofishin harkokin ɗalibai zai je, ko sashen kwamfuta na jami'ar, ba sake cikewa zai yi ta yi ba.

Abin da ya kamata ka shirya masa sosai shi ne jinkiri. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba ya biyowa ta hannun yaro, kuma sau da yawa yakan iso bayan an rufe rajista. Idan da hali, ko ta adashi ko rancen ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinka, ka biya tukuna, ku adana rasit da lambar RRR, wato lambar shaidar biya ta Remita. In kuɗin NELFUND ya shigo, sai ya rubuta wa ofishin kuɗi na jami'ar ya nemi a mayar. Ana mayarwa, amma sai da bibiya.

Sai kuɗin kashewa, naira 20,000 a wata, wanda ba dole ba ne. Yara na ɗaukarsa kamar kyauta, alhali bashi ne shi ma. Ko wata 10 kawai aka biya a shekara, 200,000 ke nan, shekara huɗu 800,000, ban da na rajista. Idan daga gida zai riƙa zuwa, ni a ganina ya tsaya a kuɗin makaranta kaɗai. Idan a hostel yake, ya karɓa, amma ka sani ba zai ciyar da shi wata guda ba, sai kun haɗa masa da garin kwaki da shinkafa da manja daga gida.

Ya kuma karɓo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma yanzu, don hukumar tallafin karatu ta jiha ba ta karɓar nema sai da ita, kuma nasu kyauta ne ko da kaɗan ne. Na kamfanoni irin MTN suna duba sakamako, yawanci CGPA, wato matsakaicin makin jarrabawa, 3.5 zuwa sama, saboda haka jarrabawar aji ɗaya ma tana cikin lissafi. Shi kuwa NELFUND kowace shekarar karatu sai an sake nema.