Maganin ciwo bayan tiyata: wanne ne ke iya sa jini ya zuba?

Tambaya: Likita, kwana 4 ke nan da aka yi mini aikin ƙaba. Parasitamol kawai aka ba ni, ga shi wurin ɗinkin na zogi. Yayana ya kawo mini asfirin da diklofenak, amma na ji ana cewa suna sa zubar jini. Haka ne?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, ɗan'uwa. Abin da ka ji yana da tushe, sai dai magungunan ba halinsu ɗaya ba.

Idan aka yanka jiki, wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet ne ke manne wa juna su toshe bakin jijiyar da aka yanke. Asfirin na dakushe wannan aikin nasu, kuma ƙwayar da ya taɓa ba ta farfaɗowa sai jiki ya ƙera sabuwa, kwana 7 zuwa 10. Don haka ka ajiye shi, kada ka sha shi saboda zogi. Diklofenak da ibuprofen kuwa rauni na ɗan lokaci kawai suke yi wa filatilet, kuma tasirinsu na gushewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Likitoci kan rubuta su bayan tiyata da yawa. Inda suka fi ba ni tsoro shi ne ga mai gyambon ciki, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel. Irin wannan mutum jini na iya ɓalle masa a ciki, inda ido ba ya gani.

Parasitamol bai taɓa filatilet, shi ya sa aka fara ba ka shi. Amma kada babba ya wuce giram 4 a rana, don hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Duba jikin kwalin maganin mura ma, da yawansu akwai shi a ciki.

Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin na miligiram 75, shi kuma kada ya daina da kansa.

Ka kira wanda ya yi maka aikin, ka faɗa masa zogin bai lafa ba, shi ya san yadda ya bar wurin. In bandejin ya jiƙe da jini, ko wurin ya kumbura ya yi tauri, ko bayan gida ya fito baƙi kamar kwalta, ko jiri na ɗibarka zuciya na bugu da sauri, kada ka jira gari ya waye, ka tafi asibiti a lokacin.