Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Littattafan Murakami Suke Ƙin Fita Daga Rai?

Tambaya: Malam, na karance littafin Kafka on the Shore na Haruki Murakami, marubucin ƙasar Japan, a fassarar Turanci, na kuma rufe shi raina a ɓace, domin kifaye sun zubo daga sama, wani tsoho yana hira da kyanwoyi, amma har shafin ƙarshe ba a faɗi dalili ba. Abin mamaki, mako biyu ke nan labarin ya ƙi barina. Ko ni ce ban fahimta ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin ko a Japan haka mutane suka ji. Bayan fitowar littafin a 2002, kamfanin da ya buga shi ya ba masu karatu damar aiko da tambayoyi, aka samu sama da 8,000, marubucin ya amsa wajen 1,200 da kansa, bai kuma warware ƙullin ba. Shawarar da ya bayar ita ce a maimaita karatun.

Ni a ganina, wannan rashin bayanin shi ne ƙashin bayan aikin. Jarumin labarin, yaro ɗan shekara 15 da ya gudu daga Tokiyo zuwa garin Takamatsu, yana neman uwar da ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami, ba a kuma taɓa gaya masa dalili ba. Shi kuwa tsoho Nakata, mai hira da kyanwoyin, ya rasa iya karatu tun wani abin al'ajabi da ya same shi yana yaro a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dukansu suna rayuwa da giɓin da babu mai cike musu shi, sai marubucin ya sa ki ɗanɗani irin wannan giɓin da kanki. Saboda haka ɓacin ran da kika ji ma fahimta ce. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai wuraren da nake ganin ya ja zance fiye da kima, kuma yadda yake zana mata a labaransa ya sha suka, sukar da nake ganin tana da tushe.

Tambaya: Malam, littafin Murakami mai suna Norwegian Wood ya sa ni kuka, alhali ni ba mai saurin hawaye ba ne. Zan iya ba ƙanena ɗan sakandare ya karanta? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Ɗan'uwa, kukanka bai ba ni mamaki ba. Littafin ya fito a 1987, babu aljanu ko kyanwa mai magana a cikinsa, labari ne na ɗaliban Tokiyo a ƙarshen shekarun 1960 da kuma yadda mutuwar aboki take bin waɗanda ya bari, shi ya sa aka sayar da miliyoyin kwafi a Japan. Amma ban ba ka shawarar miƙa wa ƙanenka shi yanzu ba, domin akwai waɗanda suka kashe kansu har fiye da mutum ɗaya, akwai kuma bayanin kwanciya a fili. Idan kana son ya san marubucin, ka fara karanta After the Quake, gajerun labarai shida da ya rubuta bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, ka zaɓar masa wanda ya dace da shekarunsa.