Me ya sa wani jirgi ke nutsewa nan take, wani kuma ya tsira?

Ɗan'uwa daga Jos, ka tambayi dalilin da ya sa Lusitania, jirgin ruwan fasinja na Birtaniya, ya nutse cikin minti 18 bayan an harbe shi a 1915, amma USS Cole, jirgin yaƙin Amurka da aka kai wa hari a Aden ta ƙasar Yemen a 2000, bai nutse ba.

Abin dubawa na farko shi ne inda harin ya buɗe rami a jikin jirgin da kuma adadin ɗakunan da ruwa ya cika. Cikin jirgi a rarrabe yake da bangayen ƙarfe masu ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa. Idan aka rufe su da wuri, ruwan zai tsaya a ɗaki ɗaya ko biyu, a tare ramin da katako da katifu, a kunna famfunan zuƙe ruwa. Lusitania ya karkata gefen dama da sauri, har saukar da yawancin kwale-kwalen ceto ya gagara. Ruwan da ke kai-komo a ɗaki mai faɗi ma yana iya kifar da jirgi tun bai cika ba.

Kada a manta da gobara. HMS Sheffield, jirgin yaƙin Birtaniya, makami mai linzami na Exocet ya same shi ranar 4 ga Mayun 1982, wuta ta cinye shi, sai ranar 10 ya nutse ana jan sa. Nan masu rubutu ke kuskure, su haɗa ranar hari da ranar nutsewa. Haka Graf Spee, jirgin yaƙin Jamus, ba ranar hari ya nutse ba, mutanensa ne suka nutsar da shi daga baya a 1939.

In aikin makaranta ne, ka nuna wa injiniyan jiragen ruwa lissafin daidaiton jirgi, ko ka tuntuɓi hedikwatar sojojin ruwa a Abuja.