Siyasa da wasan besbol a Amurka

Malam, ka tambaya me ya sa wasu Amurkawa ke zaɓen ƙungiyar besbol da za su mara wa baya saboda siyasa, ba don wasa ba. Duba abin da ya faru a 2021.

A watan Afrilu hukumar MLB, mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka, ta ɗauke wasan taurari (wasan shekara-shekara na fitattun 'yan wasa) daga Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, zuwa Denver, don nuna ƙin sabuwar dokar zaɓe ta jihar Jojiya da Gwamna Brian Kemp ya sa wa hannu. 'Yan Rifablikan, jam'iyyar gwamnan, suka fusata. Fox News ta yi ta cewa an ci mutuncin Jojiya, MSNBC kuwa tana yabon hukumar. Kowace tasha ta san abin da masu kallonta ke son ji, kuma fushi ne ke riƙe su.

Sai ga Atlanta Braves, ƙungiyar birnin, a zagayen ƙarshe na gasar, inda ake buga jerin wasanni. Mutanen da ba su ma san dokokin wasan ba suka zama magoya bayanta, har Trump ya je kallon wasa na huɗu. Abin dariya, abokiyar karawarta Houston Astros daga Texas take, jihar da ita ma ta yi irin wannan doka a shekarar. Braves ta lashe gasar da cin wasanni 4, Astros ta ci 2.