Aikatau Ba Ya Barin Kujera Ta Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina zaune a Agege. Maigidana yana karatu a Uppsala ta ƙasar Suwidin, ina jiran takarduna su fito in bi shi. Wata huɗu ke nan ina koyon harshensu a waya. Kalmomi sun fara zauna mini, amma duk saƙon da na tura masa sai ya dawo da gyara. Shekaranjiya na rubuta "Idag jag lagar mat", wato yau ina dafa abinci, ya ce a'a, "Idag lagar jag mat" ake cewa. Na tambayi dalili, ya ce shi ma haka ya ji ana faɗa. Ga kuma "en" da "ett", ƙananan kalmomin da ake sawa kafin suna, sun hana ni sakat. Ko in haƙura sai na je can?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya fito da takardun lafiya, ya sada ki da maigida cikin alheri. Kada ki haƙura. Gaskiya ne idan kin isa aka yi miki rajistar zama, ƙaramar hukuma za ta ba ki darasin Suwidanci kyauta, wanda suke kira SFI, mai matakai daga A zuwa D. Ni ma ta nan na bi. Amma wadda ta shiga ajin da ginin jimla a kanta ba ta yin wahalar da muka yi.

Gyaran maigida daidai ne, ga dalilinsa. A Suwidanci, cikin jimlar da ke tsaye da ƙafarta, aikatau, wato kalmar aiki irin su "lagar" (dafa), yana da kujera ta biyu, kuma ba ya tashi saboda kowa. Ki ɗauka layin kujerun danfo ne a tashar Oshodi. Ta bakin taga kowa na iya zama, ta kusa da ita kuwa an riga an biya. Idan "jag", wato ni, ta zauna bakin taga, sai a ce "Jag lagar mat idag". Idan "idag", wato yau, ta riga ta zama, dole "jag" ta tsallake aikatau ta koma kujera ta uku: "Idag lagar jag mat". Mu a Hausa ko kin ce "ina dafa abinci yau" ko "yau ina dafa abinci", babu abin da ke motsi. Turanci ma haka. Shi ya sa kunnenki bai ji laifin abin da kika rubuta ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar kujera ta biyu a matsayin kalma ta biyu. Ba haka ba ne. Kalmomi da yawa na iya haɗuwa su cika kujerar farko. "Efter fredagsbönen går vi till marknaden", bayan sallar Juma'a za mu kasuwa: kalmomi biyun farko fasinja ɗaya ne, sai "går", sannan "vi". Har guntuwar jimla sukutum tana zama a wurin. "När det regnar stannar jag hemma", idan ana ruwa ina zama a gida, magana ce da duk mazaunin Legas zai buƙata da damina. Dubi yadda "regnar" da "stannar" suka haɗa kafaɗa, "jag" tana bayansu. Idan aikatau biyu ne, na farko kaɗai ke da kujerar: "Imorgon ska jag laga mat", gobe zan dafa abinci.

Bari in faɗa miki abin da ya zaunar mini da wannan. A watan Disamba na farko da na yi a can, rana na faɗuwa wajen ƙarfe uku, dare ya yi tsawo babu abin yi. Na yanyanka kwalin madara, na rubuta kalma ɗaya a kowane guntu, na shafa wa na aikatau jan biro, na manne shi da salatif a kan teburin kicin. Sauran guntayen nake juyawa, in kawo wannan gaba in mai da wancan baya, ina karantawa da ƙarfi. Jan ba ya motsi. Ki gwada da jimloli goma na rayuwarki: cefane a Mile 12, kai yara Islamiyya, ɗauke wuta. Hannu na koya wa kai abin da allon waya ba ya koyarwa.

Akwai gyara na gaba da zai zo miki, gara in riga maigida. Kalmar korewa ita ce "inte". A tsayayyar jimla bayan aikatau take: "Bussen kommer inte", bas ba za ta zo ba. Amma da zarar maganar ta rataya a jikin wata ta hanyar "att", "om", "när", "som" ko "eftersom", sai "inte" ta sha gaban aikatau: "Jag vet att bussen inte kommer", na san bas ba za ta zo ba. Malamansu suna kiran wannan ƙa'idar BIFF. "Och" da "men", wato "da" da "amma", ba sa jawo wannan sauyi.

To, "en" da "ett". A nan Hausarki jari ce, kuma ina takaicin yadda muke ajiye ta mu bi ta Turanci, alhali Turancin ne bai san wannan hanya ba. Saurara: na sayi mota, motar fara ce, na sayi gida, gidan fari ne. Yanzu ga nasu: "Jag köpte en bil, bilen är vit. Jag köpte ett hus, huset är vitt." Kin gani? Yadda muke liƙa -r a wutsiyar mota da -n a wutsiyar gida don nuna wanda aka riga aka ambata, haka suke liƙa -en da -et. Yadda fari ke komawa fara, haka "vit" ke komawa "vitt". Babbar mota, babban gida, manyan motoci: "en stor bil, ett stort hus, stora bilar". Tun kina goye kike wannan lissafi.

Sai dai nasu rabon ba na mace da namiji ba ne. "En man" da "en kvinna", namiji da mace, duk "en" ne, yaro kuwa "ett barn". Kuma ba su da alama mai sauƙi irin tamu, inda yawancin sunayen da suka ƙare da -a mata ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na sunayensu "en" ne, don haka idan kin rasa tudun dafawa ki ce "en". Masu ƙarewa da -ning, -het da -tion su ma "en" ne. Sauran kam hadda ce. Kada ki rubuta "hus" tsirara a littafinki, ki rubuta "ett hus, huset".

Don kunne kuma, ki nemi shirin Radio Sweden på lätt svenska da jaridar 8 Sidor a intanet, dukansu da sassauƙan harshe ake yin su. Ki kula da tsawon wasali, kamar bambancin garin da ake zama da garin tuwo: "tak" rufin ɗaki ne, "tack" na gode.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Idi-Araba, ina neman gurbin digiri na biyu a Suwidin. Mene ne bambancin "sin" da "hans"? Na ga duka ana fassara su da nasa.

Amsa: Barka kadai ɗana, Allah ya ba da sa'a. Idan na ce direba ya wanke motarsa, kana iya tambayata, tasa ta kansa ko ta maigidansa? Suwidanci ya raba gardamar. "Han tvättar sin bil", tasa ce ta kansa. "Han tvättar hans bil", ta wani namijin ce daban. Ga mace kuma "sin" da "hennes". Kalmar tana sauyawa daidai da sunan da ke biye da ita: "sin bil, sitt hus, sina barn". Abu ɗaya za ka kiyaye, "sin" ba ta shiga cikin mai aikin jimla. Idan za ka ce motarsa sabuwa ce, "Hans bil är ny" za ka rubuta, ko da motar tasa ce ta kansa.